Fashin Baƙi: Idan Rumbun Bayanai Ya Faɗi Ya Shiga Yanayin Farfaɗowa, Me Ke Faruwa a Ciki?

Duk lokacin da manhajar banki ta ƙi buɗewa, ko shafin rajista ya tsaya cik ana tsakiyar cike fom, amsar da ake ba jama'a ba ta wuce ɗaya: sabar ce ta faɗi, ana ƙoƙarin dawo da ita. Daga nan tambayar da ke bakin kowa ita ce, shin bayananmu sun salwanta ke nan? Shi kuma mai kula da na'urar, musamman in sabon hannu ne, tasa tambayar ta fi zafi. Ga rumbun bayanai ya ƙi karɓar kowa, waya sai ƙara take, shugabanni suna tsaye a kansa. Ya jira ne, ko ya kashe ya kunna?

Saƙon da ke tayar masa da hankali ya danganta da irin rumbun. A PostgreSQL zai ga "FATAL: the database system is in recovery mode". A SQL Server zai ga an rubuta "In Recovery" a gefen sunan rumbun. A MySQL kuwa fayil ɗin rahoto zai ce ba a rufe rumbun yadda ya kamata ba, an fara farfaɗo da shi. Da yawa suna ɗaukar wannan saƙo a matsayin ita ce cutar. Alhali faɗuwar ta riga ta auku tun kafin saƙon ya fito, abin da ake gani yanzu rumbun ne yake gyara kansa. Asara mai yawa da ba ta da magani a waɗannan mintuna take faruwa, kuma da hannun mutum, lokacin da ya ƙosa ya tsoma baki a aikin da bai fahimta ba.

Yadda rumbu yake rubuta abin da aka ba shi

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai RAM, mai saurin gaske amma da zarar wuta ta yanke komai na cikinta ya tafi. Akwai faifai, wanda yake riƙe abu ko babu wuta, sai dai yana da nawa. Rumbun bayanai yana adana kayansa a faifai cikin gutsattsarin da ake kira shafuka. Kowane shafi kilobait 8 ne a PostgreSQL da SQL Server, kilobait 16 a InnoDB, sashen da ke ajiye bayanai a MySQL. Da a ce duk canjin da aka yi sai an je an nemo shafinsa a faifai an sake rubuta shi nan take, da rumbu mai hada-hada bai motsa ba.

Dabarar da aka samo ita ce a yi canjin a kan kwafin shafin da ke cikin RAM, sannan a rubuta ɗan taƙaitaccen bayaninsa a ƙarshen wani dogon fayil da ake ƙara masa layi bayan layi. Wannan fayil shi ne WAL a PostgreSQL, InnoDB na kiransa redo log, SQL Server na kiransa transaction log. Doka guda ce take riƙe da tsarin gaba ɗaya: ba a ce wa mai aiki "an kammala" sai bayanin canjinsa ya sauka a faifai a cikin wannan fayil. Shafin ainihi kuwa yana iya jira.

Kamar akawu ne mai littafi biyu. Yana da ɗan ƙaramin littafi da yake rubuta kowace shiga da fita nan take a jere, yana kuma da babban kundi da yake zama ya cike lokaci-lokaci. Duk sanda ya gama kwashewa zuwa babban kundin sai ya ja layi a ƙaramin. In aka katse shi ba shiri, wanda zai ci gaba ba sai ya duba komai ba, zai nemo layin ƙarshe da aka ja ne ya kwashe abin da ke ƙasansa. Wannan jan layi shi ake kira checkpoint. A PostgreSQL, in ba a canza saitin ba, ana yin sa duk bayan minti 5, ko kuma in WAL ya doshi gigabait 1.

Abin da yake gudana a lokacin farfaɗowa

Tsarin da yawancin rumbuna suke bi ya samo asali ne daga aikin C. Mohan da abokansa a kamfanin IBM, wanda suka wallafa a 1992 da sunan ARIES. Matakai uku ne. Da farko rumbun zai karanta fayil ɗin daga checkpoint na ƙarshe ya gane waɗanne ayyuka ne suke buɗe lokacin da aka faɗi. Sannan ya maimaita duk canjin da aka rubuta amma bai kai shafinsa ba. A ƙarshe ya warware duk aikin da aka fara ba a kammala ba, ta yadda ba za a samu rabin aiki ba: ko dai kuɗi sun bar wannan asusu sun shiga wancan, ko kuma ba su motsa ba sam.

Mataki na uku nan ne rumbunan suka sha bamban, kuma sanin bambancin yana rage fargaba. PostgreSQL ba ya zama ya warware komai, domin yana ajiye tsohuwar siga da sabuwa ta kowane layi, aikin da bai kammala ba sai kawai a ɗauke shi a matsayin wanda aka soke. InnoDB yana buɗe ƙofa ya ci gaba da warwarewa a bayan fage. A SQL Server kuwa, aikin da ya shafe awanni yana gudana kafin faɗuwa yana iya cin awanni wajen warwarewa, shi ya sa Microsoft ta ƙara wani tsarin gaggauta farfaɗowa a fitowar 2019.

Tsawon jiran ya danganta ne da yawan abin da ya taru tun checkpoint na ƙarshe da kuma saurin faifan. Yana iya zama daƙiƙa biyar, yana iya zama rabin sa'a. Akwai ma wani abu da ke ruɗa mutane a PostgreSQL: kafin ya fara maimaita komai, yakan bi duk fayilolin rumbun ɗaya bayan ɗaya ya tabbatar sun sauka a faifai. In fayilolin dubbai ne, sai a ga shiru na tsawon lokaci kamar na'urar ta sandare. Daga fitowa ta 15 ne ya fara rubuta rahoton inda ya kai duk bayan daƙiƙa 10, kuma wannan ɗan ƙari ya hana hannaye da yawa kai wa makunni.

Kashewa da kunnawa a wannan hali ba ya ƙara sauri. Yawanci aikin komawa yake daga checkpoint ɗin da ya faro, wato wanda ya jira minti ashirin ya gaji ya kashe, ya sayi wasu minti ashirin ɗin sababbi.

Me ya kada shi tun farko?

Amsar tana cikin fayil ɗin rahoto, amma ba a layin ƙarshe ba. Layin ƙarshe cike yake da koken manhajojin da aka hana shiga, ɗaruruwa iri ɗaya. Sai an gangaro baya zuwa layin farko da abu ya canza. A PostgreSQL jerin yakan zo haka: layi ɗaya ya ce wani aikin sabar mai lamba kaza an kashe shi da signal 9 (signal saƙo ne mai lamba da tsarin kwamfutar yake aika wa aiki), ƙasansa sau da yawa ga tambayar (umarnin da manhaja ta aiko wa rumbun) da yake gudanarwa lokacin, sai layin da ke cewa ana rufe duk sauran ayyukan, sai mai cewa ba a rufe rumbun daidai ba an fara farfaɗowa, sai "redo starts at" da wata lamba, daga baya "redo done at". Wanda ya iya karanta waɗannan layuka biyar zuwa shida ya gama rabin binciken.

A lura da abin mamakin da ke ciki: aiki ɗaya ne ya mutu, amma kowa aka kora. Dalili shi ne dukkan ayyukan suna tarayya a yanki guda na RAM, kuma wanda ya mutu ba shiri yana iya barin rubutu rabi a wannan yanki. Babban aikin da ke kula da sauran ba ya caca da wannan. Gara ya sallami kowa ya sake ginawa daga WAL.

Lambar signal ɗin ita ce take nuna hanya. In 9 ce, a mafi yawan lokuta ƙarancin RAM ne. Linux, tsarin da ke tafiyar da sabar, yana da ɗabi'ar yi wa manhajoji alƙawarin RAM fiye da wadda yake da ita, da zaton ba duka za su nema lokaci guda ba. Ranar da suka nema, sai wani sashe nasa da ake kira OOM killer ya zaɓi mai cin RAM da yawa ya kashe, kuma a kan sabar rumbu wa ya kai rumbun ci? Shaidar tana cikin rahoton Linux kansa, umarnin dmesg ko journalctl zai nuna layin da ke cewa RAM ta ƙare an kashe aiki mai lamba kaza. In lambar ta yi daidai da ta rahoton rumbun, magana ta ƙare.

Sai dai "a ƙaro RAM" ba kullum ba ne maganin. Akwai saitin work_mem na PostgreSQL, mai ƙayyade RAM ɗin da za a ci wajen jera bayanai, wanda asalinsa megabait 4 ne. Wani zai ga tambaya guda tana jan ƙafa, ya ɗaga shi zuwa megabait 256, tambayar ta yi sauri, kowa ya yaba. Abin da ya manta shi ne wannan adadi na kowane matakin jerawa ne a cikin kowace tambaya ta kowane mai haɗi. In mutum 100 suka shigo tare, kowa da mataki ɗaya kacal, an haura gigabait 25 ke nan. Sabar za ta yi wata da watanni lafiya, sai ranar da aka yi cunkoso ta kife, wato ranar da aka fi bukatarta. Littafin jagorar PostgreSQL da kansa ya ba da shawarar a hana Linux wannan alƙawarin wuce-gona-da-iri ta hanyar mai da vm.overcommit_memory zuwa 2, domin tambaya guda ta gaza da kuskure ta fi a kori kowa.

Wani sanadin da ke yawan aukuwa shi ne cikar faifai. Rumbun da ya kasa rubuta WAL ba shi da zaɓi sai ya tsaya, rahoton zai fara da PANIC ya ƙare da cewa babu sauran wuri. Mai cike faifan kuma galibi WAL ɗin ne da kansa, saboda wani abu ya hana a share tsofaffin fayilolinsa masu megabait 16 kowanne. Ko dai umarnin kwashe su zuwa ma'ajiya yana ta gazawa ba wanda ya lura, ko kuma an taɓa haɗa wata sabar mataimakiya mai kwafar babbar aka cire ta ba a goge gurbinta ba, shi kuma rumbun yana ta tara mata saƙo yana jiran ranar dawowarta. Sai a fitowa ta 13 ta PostgreSQL, a 2020, aka samar da saitin da zai sa wa wannan tari iyaka.

In signal ɗin 11 ce, kuskure ne a cikin ginin manhajar, sau da yawa a wani ƙari da aka ɗora wa rumbun, wani lokacin kuma RAM ɗin ce ta fara lalacewa. Sai yankewar wuta, wadda rumbu mai lafiya ya kamata ya tsallake, muddin faifan bai yi masa ƙarya ba. Wasu faifai masu araha sukan ce sun rubuta alhali abin yana cikin ɗan ma'ajinsu na wucin gadi. Ko Linux ma an taɓa samun saɓanin fahimta da shi: a 2018 masu gina PostgreSQL suka gano cewa in umarnin fsync, mai tilasta sauke bayanai a faifai, ya gaza aka sake gwadawa, yana iya cewa ya yi nasara alhali bayanan sun zube. Gyaran da suka fitar a farkon 2019 shi ne rumbun ya faɗi da gangan ya farfaɗo daga WAL. Wato akwai faɗuwar da ita ce kariyar.

Ba kowane "yana farfaɗowa" ne iri ɗaya ba

In lambar da ke nuna inda farfaɗowar ta kai a cikin rahoto tana gaba kuma faifai yana aiki, jira kawai ake bukata. In rumbun yana buɗewa na 'yan daƙiƙu ya sake faɗuwa, to wata tambaya ce take kada shi kuma manhajar tana sake aiko ta duk sanda ƙofa ta buɗe, sai a tsayar da manhajar tukuna. In kuma farfaɗowar ce da kanta take tsayawa a wuri guda da kuskure guda, an shiga babi mai nauyi, WAL ko wani shafi ya lalace. A SQL Server, "Recovery Pending" na nufin bai ma samu damar farawa ba, yawanci don fayil ya ɓace ko faifai ya cika, yayin da "Suspect" ke nufin ya fara ya kasa.

Akwai kuma wanda ba matsala ba ne ko kaɗan. Sabar mataimakiya ta PostgreSQL, wadda take kwafar babbar, rayuwarta duka a yanayin farfaɗowa take, domin aikinta shi ne karɓar WAL tana maimaitawa. Wanda ya je gyara ta ya je gyara mai lafiya.

Inda hannu yake ɓata abin da faɗuwa ba ta ɓata ba

Faifai ya cika, mutum ya leƙa ya ga wani kundi, wato folda, cike da fayiloli masu suna iri ɗaya, ya share don a samu wuri. Ya share ƙaramin littafin akawun ke nan tun ba a kwashe ba. Wannan ya faru sau da yawa har ta kai a 2017, a fitowa ta 10 ta PostgreSQL, aka canza sunan kundin daga pg_xlog zuwa pg_wal don mutane su daina zaton rahoton banza ne. Hanyar da ta dace ita ce a faɗaɗa faifan ko a kwashe wani abu da ba na rumbun ba.

Kowane rumbu yana da makamin ƙarshe, kuma amsoshin da ake samu a intanet sun cika saurin miƙa shi. A PostgreSQL pg_resetwal ne, wanda yake jefar da WAL ya tilasta wa rumbun buɗewa. Zai buɗe kuwa, amma da rabin ayyuka a ciki, ɓarnar tana iya ɓuya sai bayan makonni. A MySQL innodb_force_recovery ne, daga 1 zuwa 6, kuma littafin jagoransu ya faɗa ƙarara cewa daga 4 zuwa sama yana iya lalata fayiloli har abada. A SQL Server akwai zaɓin gyara da sunansa ma ya ce an amince da asarar bayanai, REPAIR_ALLOW_DATA_LOSS. A ganina ba wanda ya kamata ya taɓa ɗaya daga cikinsu sai ya tsayar da rumbun ya kwafi kundin bayanan gaba ɗaya zuwa wani faifai. Kuma manufarsu a buɗe a kwashe abin da ya tsira zuwa sabon rumbu ce. Ci gaba da kasuwanci a kan wanda aka buɗe da ƙarfi ganganci ne.

Abin da ya samu GitLab, kamfanin da masu gina manhaja suke ajiye aikinsu a shafinsa, ranar 31 ga Janairu 2017 ya nuna yadda abin yake. Wani injiniya yana fama cikin dare da sabar mataimakiya da ta kasa biyo babbar, ya yi niyyar share kundin bayanan mataimakiyar, sai ya share na babbar. Kusan gigabait 300 suka tafi kafin ya tsayar. Da aka waiwayi kwafin ajiya sai aka tarar wanda ake zaton ana yi kullum ya daɗe yana gazawa shiru, saboda sigar manhajar kwafin ba ta dace da ta rumbun ba. Abin da ya cece su wani kwafi ne na faifan gaba ɗaya da aka ɗauka kimanin sa'o'i shida kafin nan, kuma aikin waɗannan sa'o'i shida ya tafi. Kamfanin ya cancanci yabo don ya bayyana komai a fili.

Inda ƙwararru suka rabu

Muhawarar farko ta sauri ce da aminci. Masu son sauri sukan tsawaita tazarar checkpoint don faifai ya huta, kuɗin da za a biya shi ne doguwar farfaɗowa ranar faɗuwa. Wannan ciniki ne mai ma'ana. Haka kashe synchronous_commit (saitin da ke sa a jira WAL ya sauka a faifai kafin a ce an kammala), wanda mafi munin sakamakonsa shi ne a rasa ayyukan ƙasa da daƙiƙa ɗaya na ƙarshe, rumbun kuwa ya tashi lafiya. Ga shafin da ke ƙirga masu ziyara ba laifi, ga lissafin kuɗi a'a. Kashe fsync kuwa wani abu ne daban, domin yana karya dokar da komai ya dogara a kanta, kuma ban ga hujjarsa ba a kan bayanan da ake jin zafin rasawa.

Ta biyu ita ce, in babbar sabar ta faɗi, na'ura ce za ta miƙa ragama ga mataimakiya nan take ko sai mutum ya duba? Masu goyon bayan na'ura suna da gaskiyar cewa mutum yana barci. Masu ɗari-ɗari kuma suna nuni da GitHub, wani kamfani mai irin aikin GitLab, a Oktoba 2018, inda yankewar sadarwa ta daƙiƙa 43 ta sa na'ura ta mai da ragama wata cibiya a ɗaya gaɓar Amurka, aka wayi gari kowane ɓangare yana da rubutun da ɗayan ba shi da shi. Daidaita su ya ci sama da sa'o'i 24.

Me wannan ke nufi ga mai amfani da manhaja?

In faɗuwa ce ta yau da kullum aka bar rumbun ya gama aikinsa, duk abin da aka tabbatar maka an kammala yana nan, abin da yake rabi kuma an soke shi. Wurin da ake samun ruɗani shi ne ɗan tsakanin nan: rumbun ya rubuta aikinka a WAL, amma ya faɗi kafin amsar ta iso wayarka. Kai ka ga kuskure, a can kuwa aikin ya shiga. In ka sake dannawa bayan an dawo, kuma manhajar ba ta da lambar da take gane cewa aiki ɗaya ne, sau biyu zai tafi. Don haka a fara duba tarihin asusu ko saƙon tabbatarwa kafin a maimaita.

Shi kuma koken nan na an cire kuɗi ba su isa ba, yawanci ba rumbu ɗaya ne ya yi rabin aiki ba. Rumbuna biyu ne ko uku na hukumomi daban-daban, kowanne ya kammala nasa daidai ko ya soke nasa daidai, amma saƙon da ke tsakaninsu ya yanke. Farfaɗowar kowannensu ba ta ganin abin da ke cikin ɗayan, sai an zo daidaita lissafi an gwama bayanan ɓangarorin, shi ya sa mayar da irin waɗannan kuɗi yake ɗaukar sa'o'i ko kwanaki bayan manhajar ta dawo aiki. Lambar shaidar cinikin da lokacin da aka yi shi su ne abin da masu daidaitawar za su nema a wurinka.